Ƙafar Hagu ta Reid Haugland

Shekara talatin da ɗaya Orest Hawryluk ya yi yana kula da zauren ƙanƙara na garin Ostrova. Shi ke malala ruwa a watan Oktoba har ya daskare, shi ke goge filin da mota tsakanin wasa da wasa, shi ne kuma ke wasa wuƙaƙen da ke ƙarƙashin takalman 'yan wasan hoki, waɗanda suke zamewa da su a kan ƙanƙara, a wani ɗan ɗaki da ke bayan wurin sayar da kofi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ƙanƙara a garin nan, takalminsa ya bi ta hannun Orest. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba mai yawan magana ba, babban yatsansa na dama ya yi kanta saboda shafa bakin ƙarfe. Gonar alkamar da kakansu ya bari ta faɗa hannun wansa, shi kuma ya kama aikin zaure, bai kuma taɓa cewa an cuce shi ba.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa Lesia, sunansa Taras. Taras da Reid Haugland sa'o'in juna ne, tare suka koyi tsayuwa a kan ƙanƙara, kuma dukansu 'yan baya ne, masu tare hanya kafin a kai ga mai tsaron raga. Suna da shekara goma sha bakwai wani mai neman 'yan wasa ya zo daga birni, aka ce gurbi ɗaya ne a hannunsa. A atisayen ranar aka raba ƙungiyar gida biyu. Faifan da ake bugawa ya zame zuwa kusurwa, Taras ya bi shi, fuskarsa na kallon katangar katako, bayansa a buɗe. Reid ya taho ta baya ya dake shi.

Orest na tsaye a ƙofar da yake fito da motarsa, bai fi taku goma daga wurin ba. Ya ga Reid ya ɗaga kai ya dubi lambar da ke bayan rigar Taras, sannan ya ƙara taku uku kafin ya kai masa. Wanda bai yi niyya ba, a taku na farko yake kaucewa.

Ƙashin wuyan Taras ya tsage wuri biyu. Wata biyar ya yi a asibiti. Ya tashi, ya yi tafiya da ƙafafunsa, amma hannunsa na hagu bai ƙara riƙe sandar wasa ba, kuma ciwon kai kan kwantar da shi kwana biyu cur a ɗaki mai duhu. Reid bai leƙa asibitin ba ko sau ɗaya. Ubansa ne ya zo, Arne Haugland mai sayar da motocin ɗaukar kaya, ya tarar da Orest a wurin ajiye motoci, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Orest, ai ka san hoki." Iyakar jajen ke nan.

Reid ya samu gurbin. Daga nan ya yi ta hawa har babbar gasa, inda ake nuna mutum a talabijin ƙasa duka na kallo. Mutanen gari suka sa rigarsa a akwatin gilashi a mashigar zauren, kuma da yake share mashigar na cikin aikin Orest, shi ke goge gilashin kowace Litinin. Taras kuwa ya samu aiki a shagon kayan gyaran tarakta, ya yi aure, ya kama gida titi biyu daga zauren.

Shekara goma sha huɗu babu wanda ya bibiyi wasan Reid kamar Orest, har da uban da ya haife shi. Ba ya murna, ba ya zagi. Yana zaune dai a gaban talabijin, hannu a gwiwa, yana jira. A shekara ta goma sha uku aka yi wa Reid aiki a gwiwar hagu, kuma da ya dawo, wanda ya dawo ɗin ba shi ba ne.

Kowace safiya tsofaffin garin kan taru a shagon Bernice, a dogon teburin da ke jikin taga. A hunturun nan magana ɗaya ake yi.

"Yaron nan zai farfaɗo," in ji Vern Dueck, wani manomi da ya bar wa 'ya'yansa gona, wanda suka yi makaranta tare da Orest. "Gwiwa ce fa kawai. Mutum nawa aka yi wa aiki suka tashi?"

"Jiya sau nawa aka wuce shi?" Orest ya tambaya.

"Kai za a tambaya, tunda kai ka maida abin sana'a."

"Sau huɗu, duk ta hagu. Wani ɗan shekara goma sha tara ya kewaye shi kamar turken shinge."

"Abokin tsaronsa ne ba ya rufe masa."

"Abokan tsaro uku aka canja masa tun Kirsimeti, Vern. Duk su ne ba su iya ba?"

"Tsoho, kai ko raga ya tsare da haƙoransa ba za ka yaba ba."

"Ya tsare ɗin tukuna, in gani."

Bernice ta zo da tulun kofi tana ƙara wa kowa. "Ku biyun nan, da ƙungiyar ta san darajarku da ta ɗauke ku koci, ni ma in huta." Aka yi dariya. Vern ya ci gaba da kawo hujjojinsa: mutumin yana da tsawo, yana da kai, har yanzu babu mai bugun faifai da ƙarfinsa, ɗan baya kuma sai ya haura talatin yake nuna. Orest ya bar shi ya gama, sannan ya ce a hankali, "Alhaki kwikwiyo ne." Kowa a teburin ya san inda maganar ta dosa, sai wani ya ɗauko zancen farashin takin zamani.

Da bazara ƙungiyar ta sallami Reid. Ran da labarin ya fito Orest ya ci ƙwai huɗu a shagon Bernice maimakon biyu. Amma murnar ba ta daɗe ba, domin a watan Yuli aka ji wata ƙungiyar ta babbar gasa ta gayyace shi gwaji a Satumba. In ya burge su, su ɗauke shi. In bai burge ba, shi ke nan. Arne ya je majalisar gari ya roƙa a zuba ƙanƙara tun Agusta don ɗansa ya yi shiri a gida, majalisar kuma ta amince ba tare da gardama ba.

Orest ne ya zuba. Kwana shida ya yi yana malala ruwa siriri-siriri cikin zafin Agusta, ya fitar da ƙanƙara sumul kamar madubi, don shi a ganinsa ba ita ta yi masa laifi ba.

Ranar Litinin da safe Reid ya shigo ɗakin wasa wuƙa da takalmansa a rataye a kafaɗa. Ya zama ƙato, sai da ya sunkuya a ƙofa, gemunsa har ya fara furfura. Rabon da su tsaya kusa da juna haka tun ranar da ya daki Taras.

"Ina kwana, Mista Hawryluk."

"Yaya kake so a yi su?"

"Kamar kullum. Yadda ka fara yi min. Ban taɓa canjawa ba."

Wuƙar da ke ƙarƙashin takalmin baki biyu gare ta, da ɗan kwari a tsakani. In aka zurfafa kwarin, wuƙar takan ciji ƙanƙara da ƙarfi. In aka sassauta shi, takan zame da sauƙi. Orest ne da kansa ya zaɓar wa Reid kwari mai zurfi lokacin yana ɗan shekara goma sha biyu, siriri marar nauyi. 'Yan wasa kuwa camfi gare su, abin da suka tashi da shi ba sa yarda a taɓa, masu wasa wuƙa na birni kuma abin da aka rubuta a kati suke bi.

Orest ya juya takalmin hagu, ya bi bakin wuƙar da yatsa. Bakin ciki ya cinye a wajen diddige ta wata irin hanya da bai yi a na dama ba. Ya wasa su, ya miƙa, ya je ya tsaya a ƙofar motarsa yana kallo. Reid ya yi gaba da gudu lafiya lau. Ya yi baya lafiya lau. Amma duk lokacin da zai juya ta hagu daga baya zuwa gaba, wuƙar takan riƙe ƙanƙara, gwiwar da aka yi wa aiki kuma ba ta da ƙarfin fizge ta nan take. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a babbar gasa a cikin wannan ƙiftawar ake wuce mutum. Abin da talabijin bai nuna wa Orest ba shekara guda, ya gan shi a safiya ɗaya. A sassauta kwarin, a ɗan rage ƙarfen diddige, aikin minti goma ne.

Da rana ya koma gida cin abinci. Lesia ta zuba masa miyar kabeji, ta zauna tana dubansa.

"Me ya faru? Tun ɗazu kake fito."

Ya faɗa mata duka. Ta saurara har ya gama, ta share hannunta da ƙyalle.

"Wata biyar na yi ina ba ɗana abinci da cokali," ta ce. "Uwar yaron nan ko kati ba ta aiko ba. Ka yi masa abin da ya ce, ka kama bakinka."

"Abin da na yi niyya ke nan."

"To ci abincinka."

Sati uku ana haka. Kowace safiya Reid ya kawo takalma, Orest ya wasa su da kwari mai zurfi, ya daidaita bakunan biyu da kulawar da bai taɓa yi wa kowa ba, don kada wani ya ce ya yi ha'inci. Sannan ya tsaya a ƙofa ya kalli mutumin yana juyawa ta hagu sau ɗari, yana dukan katanga da sanda don haushi, yana sake gwadawa. Arne kan zo ya zauna a benci da kofinsa yana ta ba da shawara. Orest bai taɓa jin daɗin aikinsa kamar a makonnin nan ba.

Ana saura kwana huɗu ya tafi, Reid ya shigo ɗakin bayan atisaye, zufa na zuba, ya rufe ƙofa ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Mista Hawryluk, likita uku na gani. Masu horarwa kuwa ban san iyakarsu ba, kowa da abin da yake faɗa. Kai ka fara ɗora ni a kan ƙanƙara, kuma kullum ina ganinka a ƙofar can kana kallona. Akwai abin da kake gani?"

"Akwai."

Reid ya ɗago. "Yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa."

"Takalmin ne?"

"Takalminka yadda ka ce haka aka yi shi."

"To mene ne?"

Orest ya kashe injin, ya jira dutsen ya daina juyawa. "Ba zan faɗa maka ba."

Reid ya dubi ƙasa. "Shekarata goma sha bakwai a lokacin."

"Shi ma haka."

"Abin ya zo da sauri. Ban yi niyyar..."

"Ina tsaye a wurin, Reid. Taku uku ka yi bayan ka ga bayansa."

"Babana ne ya hana ni zuwa asibiti. Lauya ya ce masa duk abin da na faɗa za a iya..."

"Yanzu shekarunka talatin da ɗaya. Sati uku kana garin nan, gidan Taras titi biyu ne daga inda kake zaune. Lauyan ne har yau?"

"In na je, za ka faɗa min?"

"A'a. Ba ciniki nake yi da kai ba. In don haka za ka je, gara ka zauna."

Reid ya miƙe, ya ɗauki takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya fita. Washegari ya sake kawo su, Orest ya sake wasa su yadda ya saba.

Kwana tara Reid ya yi a wurin gwajin. A wasan share fage na biyu aka wuce shi sau biyu ta hagu, duka biyun faifai ya shiga raga, kashegari aka ce ya kwashe kayansa. A shagon Bernice Vern ya zauna yana juya cokali a kofi.

"Ba ka ce komai ba, Orest."

"Me zan ce? Kai ne mai hujjoji."

"Kana jin daɗi, ko?"

"Sosai," in ji Orest, ya kira Bernice ta kawo masa yankan kek ɗin tuffa, da sassafe.

Daga baya aka ji Reid ya tafi wata ƙaramar ƙungiya a ƙasar Ostiriya, inda 'yan kallo ba su kai dubu uku ba. Mutane suka fara mantawa. Sai a watan Janairu Vern ya shigo shagon da jaridar lardi a hannu, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa, ko kwat bai cire ba.

"Ina masu cewa an gama da shi? Ku saurara." Ya buɗe ya fara karantawa da ƙarfi. Wasa goma sha biyar Reid ya yi ba a wuce shi ba, an ma naɗa shi kyaftin. Ɗan jaridar ya tambaye shi sirrin, ya ce wani dattijo mai kula da kayan ƙungiyar ne ya kalle shi kwana biyu, ya karɓi takalmansa ba da izininsa ba, ya sassauta kwarin wuƙar, ya rage diddige. Ya ce da ya hau ƙanƙara sai ya ji kamar an sa masa sabuwar gwiwa.

Vern ya kai nan ya tsaya. Ya sauke jaridar a hankali, ya dubi Orest ta saman tabarau.

"Sati uku takalman nan suna hannunka."

"Haka ne."

"Ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Ya tambaye ka?"

"Ya tambaya. Na ce ba zan faɗa ba."

Vern ya ninke jaridar. "Shekara sittin na san ka, Orest. Da ka faɗa masa, da yanzu yana babbar gasa."

"Da ya kauce, da ɗana yana ɗaura igiyar takalminsa da hannu biyu."

Vern ya ɗauki kofinsa ya koma teburin da ke kusa da ƙofa, inda sanyi ke shigowa, kuma a can ya ci gaba da zama.

Babbar gasa ba ta sake kiran Reid ba. Ba a komawa neman ɗan baya mai shekara talatin da biyu a hayin teku. Arne ya kai ƙara majalisar gari yana neman a kori Orest. Aka yi zama biyu. Orest ya je da rigarsa ta coci, ya ce an ba shi aiki ya yi yadda aka ce, in akwai wanda zai nuna aibi a kaifin da ya yi, ya fito. Babu wanda ya fito, aka bar shi a kan aikinsa. Amma iyaye da yawa suka koma kai takalman 'ya'yansu wani gari mai nisan kilomita arba'in, wasu kuma suka daina gaishe shi a coci. Bai damu ba, ko kuma bai nuna ba.

Wanda maganarsa ta tsaya masa a rai Taras ne. Ya zo ɗakin wasa wuƙa wata Asabar da rana, ya jingina da bango, hannun hagun a aljihu kamar kullum.

"Baba, duk wanda ya shigo shago sai ya kalle ni kamar ni na aike ka."

"Ka ce musu ba kai ba ne."

"Da ka tambaye ni."

"Da me za ka ce?"

"Ban sani ba. Wataƙila in ce ka yi, wataƙila in ce ka bari. Amma wuyana aka karya, da ka tambaye ni."

Orest ya juya ga aikinsa. Ya ɗauki wani takalmi ya kunna injin, Taras ya ɗan tsaya, sannan ya tafi.

A watan Mayu, Orest na bayan gidan Taras yana taya shi shuka dankali, sai ga wata mota ta tsaya. Reid ne, shi kaɗai. Ya gaida Orest da kai, ya ce wa Taras yana son magana da shi in ba damuwa. Suka shiga ciki. Orest ya ci gaba da haƙa, ya gama kunya ɗaya ya kama ta biyu, kunnensa na wajen taga, amma bai ji komai ba. Wajen minti arba'in Reid ya fito, ya shiga mota ya tafi. Taras ya dawo ya ɗauki bokitin iri.

"Me ya ce?"

"Ya faɗi gaskiya."

"Ka yafe masa?"

"Na ce zan yi tunani. Sauran tsakanina da shi ne, Baba. Ka matsa, kana taka min kunya."

Reid ya ƙara shekara uku a Ostiriya, sannan ya dawo ya karɓi shagon motocin ubansa. Har yau a shagon Bernice ba a daidaita ba: wasu na cewa ya farfaɗo, tunda ya ƙare wasansa yana kyaftin, wasu na cewa farfaɗowar da ba a gani a talabijin ba ai ba farfaɗowa ba ce. Orest ya ajiye aiki yana da shekara sittin da shida, ba a yi masa walima ba, shi ma bai nema ba. An taɓa tambayarsa ko ya yi nadama, ya ce ta abu ɗaya ce kawai, ita ma ba ta shafi gidan Haugland ba.

Gari ƙarami ne, dole a haɗu. In suka yi kiciɓis a kantin kayan masarufi, Reid kan ce, "Mista Hawryluk," Orest ya gyaɗa kai, kowa ya tura kekensa ya wuce. Lesia kuwa, in ta hango shi a ƙarshen layi, sai ta ajiye kwandonta a ƙasa inda take, ta fita ta jira mijinta a mota.